Sunan Ɗan Fari a Cikin Na'ura

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da wata tsohuwa daga wani ƙauye na yankin Barmu ta shigo ɗakin gwajinmu, ta mayar da ƙofa da hannunta, ta ce in kawo abin ɗaukar magana. Ku da kuka fara koyon aikin nan kun sha tambayata dalilin da ya sa nake daɗewa da dangin majinyaci kafin in taɓa na'ura. To ga dalilin. Sai dai ku yi haƙuri da ni, tsohon malamin makaranta ba ya iya ba da labari sai ya fara da darasi.

Ni alli na fara riƙewa kafin auduga. Na koyar da kimiyya a kolej shekaru masu dama, sannan na koma karatu na fito ma'aikacin gwajin ƙwaƙwalwa, shi ya sa har yau a asibiti ake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a ƙasarmu. A lokacin da nake ba ku labarinsa ina aiki a nan Tawa ƙarƙashin wata likitar ƙwaƙwalwa, Dokta Ramatu, ƴar Adar ce da ta yi karatu a waje ta dawo. Tsarin kuwa shi ne wanda kuka sani: likita ke ba da umarnin gwaji, ita ke fassara shi, ita ke magana da dangi. Ni nawa shi ne in manna wayoyi, in kunna, in tabbatar abin da ya fito a allo daga kan majinyaci ya fito, ba daga fankar ɗaki ba.

Ga waɗanda ba ƴan aikin ba, ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa tana aiki da wata ƴar wutar lantarki, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ake iya ɗauka ta fatar kai idan an manna ƙananan wayoyi da wani irin mai mai danƙo. Sai a sa wa mutum abin sauraro a kunne, a yi ta buga masa sauti iri ɗaya, tin, tin, tin, can ba zato a jefa wani daban. Ku tuna da daka a gidan maƙwabta. Kana zaune kana hira, taɓarya na sauka, ba ka ma san kana jin ta ba. Amma da mai dakan za ta tsallake bugu ɗaya, ko taɓarya ta sami bakin turmi, sai ka ɗaga kai. Wannan ɗaga kan shi muke nema. Ƙwaƙwalwar da ke lura, idan abin da ba ta yi tsammani ba ya zo, takan tayar da wani ɗan tudu a layin da ke gudana a allo, kamar kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa bayan sautin. Tudun ƙarami ne, ba a ganinsa a bugu ɗaya, sai an maimaita da yawa na'ura ta tara ta tace. Idan mutum ya yi doguwar suma, ba ya magana, ba ya bin umarni, da wannan muke leƙawa ko akwai sauran mai lura a ciki. Abin da ya fi tayar da tudun nan kuwa shi ne sunan mutum, musamman a muryar wanda ya sani.

Ƙarshen bazara ne, gab da faɗuwar damina, aka kawo mana wani mahaƙin rijiya. Ba zai wuce shekara talatin da ƴan kai ba. Yana ƙasan rami ana jan guga cike da duwatsu, igiya ta tsinke, gugan ya faɗo masa a ka. An fito da shi da rai, yana numfashi da kansa, amma bai sake buɗe ido ba. Ana ba shi abinci ta ƴar roba a hanci. Da ya kwana bakwai ko takwas a haka sai mahaifinsa, Malam Illa, dogon tsoho mai ƙarancin magana, ya tare Dokta a baranda. Ina tsaye da na'ura a kan kekenta.

Ya ce, "Likita, ba gardama nika yi da ku ba. In mutuwa ce, ku ba ni shi in tahi da shi gida. Kakanshi na can kwance bayan gari, na bar wuri kusa da shi. Nawa ne wurin, amma in ya riga ni, nashi ne."

Dokta ta ce, "Baba, ba za mu riƙe muku ɗa da ƙarfi ba."

Ya nuna gabas da haɓa. Kwana biyu ke nan hadari na haɗuwa yana watsewa. Ya ce, "Ruwa na sauka ƙorama ta ci hanyarmu. In ta ci, ko jaki sai ya yi shawara."

Duk wanda ya san ƙauyukan arewacin Adar ya san ba ƙari ya yi ba. Dokta ta roƙe shi yini ɗaya mu yi gwajin nan. Ta gaya masa gaskiya: idan aka ɗauke shi daga asibiti, ba ƙarin ruwa, ba mai kula da robar hanci, ba zai daɗe ba. Idan kuwa gwaji ya nuna akwai sauran lura, ya cancanci a jira shi. Malam Illa ya amince. Ni aka bar wa aikin yi masa bayanin turmi da taɓarya, na kuwa yi, a bakin tagar ɗakin, da muryar da na saba kaiwa bencin ƙarshe na aji.

Da safe na yi gwajin farko, na sauti. Layi ya fito kamar hanyar da shanu suka bi, babu abin da mutum zai ɗora yatsa a kai ya ce ga shi. Dokta ta ce mu je ga suna.

A nan muka tsaya. Mutumin nan ɗan fari ne, kuma sunan kakansa na wajen uba aka sa masa. Ɗaki cike da mutanen da ke son sa, babu mai iya faɗin sunansa. Uban ba ya faɗa, don sunan mahaifinsa ne, ga kuma kunyar ɗan fari. Matarsa, wata yarinya siririya mai goyo, da na juya wajenta sai ta ja mayafi ta rufe baki har hanci. Dokta ta ce, "Bar ta, Mushe. Ni da na yi karatu a ƙasar Turawa, har yau in ka ji na kira maigidana da sunansa to gobara ce ta tashi." Ƙannensa Yaya suke ce masa. Gari duka kuwa Maisuna ake kiransa. Sunan yanka na nan a katinsa, sabo fil, kamar rigar da aka ajiye a akwati ba a taɓa sawa ba.

Wannan bai dame mu ba, don ƙa'idar aiki ita ce a yi amfani da sunan da mutum ke amsawa. Muka nemo abokin aikinsa, Agali, wani Buzu da ke riƙe masa igiya, wanda tun ranar da abin ya faru bai bar asibitin ba, ko da yake ba wanda ya ɗora masa laifi sai shi kansa. Na miƙa masa abin ɗaukar magana na ce ya kira abokinsa. Ya cika ƙirji ya kwarara, "Maisuna!" har wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Na ce, "Agali, a hankali. Asibiti ne."

Ya ce, "Mushe, haka nika kiran shi. In ba haka ba, ba ya ji daga ƙasa."

Ban sake cewa ya rage ba. Yau ma a rami abokin nasa yake, sai dai ba mu san gaba nawa ba ne.

Na ɗauki muryarsa yana kiran wasu sunayen kuma, don dole a cuɗa sunan mutum cikin waɗanda ba nasa ba, a murya ɗaya, in ba haka ba ba za ka san ko sunan ya amsa wa ko muryar ba. Muka yi gwajin da la'asar. Babu komai. Muka sake. Babu.

Dokta ta kira Malam Illa. Ta ce masa ba mu ga alama ba, amma rashin ganin alama ba shi ne tabbacin babu kowa ba, don na'ura na iya kuskure mai lura, musamman in akwai zazzaɓi ko kumburi. Tsohon ya saurara har ta gama. Ku lura da wannan, don za ku yi ta gamuwa da shi: idan ka gaya wa mutum magana mai kai biyu, kan da ya zo da shi a ransa shi yake ɗauka. Ya ce, "Allah shi saka da alheri. Gobe da sahe mu tahi." Ya aika aka yi magana da mai motar da ke zuwa ƙauyensu.

Ban ambaci uwar ba tukuna, don ita ma ba ta bari a ambace ta. Tun da suka zo ba ta shiga ɗakin ba. Tana can ƙarƙashin bishiyar dogon yaro inda masu jinya ke girki, kullum bayanta ne ke fuskantar ƙofar. Ita ke dama kunun da ake tacewa a zuba a robar, ita ke wanke zannuwa, ita ke riƙe jikan. In na wuce ta gaishe ni ta ce, "Ya jikin mutanen ɗaki?" kamar duk marasa lafiyar ɗakin ne suka dame ta daidai wa daida. Baƙo zai ce ba ta damu ba. Mu mun san uwa ce da ɗanta na fari, ta reni mutum ya girma ya yi aure ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido a gaban jama'a ba, in za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta ambace shi sai ta ce "wancan".

Washegari na zo aiki da sassafe, ina goge wayoyi, sai na ji an turo ƙofa. Ita ce. Ta shigo ta mayar da ƙofar, ta tsaya tana riƙe da bakin mayafinta.

Ta ce, "Kai ne Mushe?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Ina kwana?"

Ba ta amsa gaisuwar ba, abin da tsohuwar Adar ba ta yi sai da dalili. Ta ce, "Shekaranjiya ina bayan taga, na ji bayanin da kay yi ma maigida. Ka ce abin da kunne bai saba ba, shi ka tada mutum."

Na ce, "Kusan haka na ce."

Ta ce, "Akwai abin da bai taɓa ji ba."

Na gane nan take, kuma na so a ce ban gane ba. Na ce, "Inna, ba dole ba ne. Ba wanda ya nemi wannan a wajenki."

Ta ce, "Na san ba wanda ya nema. Kawo abin."

Gwaji ba ya yiwuwa sai da umarnin likita, don haka na bar ta zaune na je na sami Dokta tana zagayen safe. Na gaya mata, na kuma gaya mata shakkata, cewa ƙwaƙwalwa na amsa suna ne don ta saba da shi, wannan kuwa suna ne da mai shi bai ji ba sai a makarantar allo da ranar ɗaurin aure. Ta juya alƙalamin da ke hannunta. Can ta ce, "Littattafanmu ba su ce komai a kan wannan ba, Mushe. Waɗanda suka rubuta su, uwayensu na kiransu da suna. Je ka ɗauka. Ni zan tsayar da Baba."

Tsohuwar ta kafa sharaɗi ɗaya, cewa mijinta ba zai san muryar wa aka sa ba. Dokta ta ce wannan sirrin aiki ne, ba zai fita ba. Ta je ta ce wa Malam Illa akwai gwaji na ƙarshe da take so a yi kafin a sallame su. A lokacin har an ɗaure tabarmi da tukwane, mai mota na bakin ƙofar asibiti.

Na zaunar da ita, na yi mata bayanin cewa sai ta fara kiran wasu sunaye na maza. Wannan bai ba ta wahala ba. Ta jero ɗiyan maƙwabta, Sani, Hamisu, Yahaya, Idi, kowanne da ƙarfinsa, kamar mai korar su daga bakin rumbu. Sannan ta tsaya.

Ta ce, "Kai ɗan fari ne?"

Na ce, "A'a, Inna, ni na huɗu ne. Sunana har ya gaji da kira."

Ta ɗan murmusa, iyakar murmushin da na taɓa gani a fuskarta. Ta ce, "To juya bayanka."

Na juya. Ita ma na ji ta juya ta fuskanci bango. Muka zauna haka, baya da baya, ina kallon ɗan layin da ke nuna ƙarfin murya a allo. Mai mota ya danna oda a waje. Ta daɗe. Sai na ji wani abu kamar numfashi mai ɗan nauyi. Layin ko motsi bai yi ba.

A aikin nan na ɗaga gawa, na aske kan yaran da na san ba za su kai sati ba, amma ban taɓa furta maganar da ta yi mini nauyi kamar wadda na faɗa a lokacin ba. Na ce, "Inna, bai kama ba. Sai kin sake."

Na ji ta gyara zama. Sannan ta faɗe shi. Ba zan gaya muku sunan ba, suna ne da ke kowace unguwa. Abin da zan gaya muku shi ne bai fito kamar sabon abu a bakinta ba. Ya fito sumul, da ɗan ja a ƙarshe irin na mai kiran yaro ya zo ya ci tuwo, kamar wadda ta shekara talatin tana faɗinsa inda ba mai ji. Ta goge baki da mayafi, ta tashi ta fita, ta koma gindin bishiyarta.

Abin da ya rage aikina ne. Sai an yanke kowane suna an daidaita tsawonsa da ƙarfinsa da na sauran, wato sai na saurare shi na sake saurara. Na zama mutum na farko a duniya da ya ji matar nan ta kira ɗanta, na riga mai sunan.

Na tura na'ura ɗakin. Na manna wayoyi ina kauce wa ɗinkin da ke kansa, na sa masa abin kunne, muka fitar da kowa. Dokta ta tsaya bayana. Na kunna. Daga waje ba abin da ake ji. Mutumin na kwance, baki a ɗan buɗe, tafin hannunsa duk kanta irin na mai riƙe da diga. A cikin kunnensa uwarsa na kiran Sani, tana kiran Hamisu, can ta kira shi, ta koma kan Yahaya da Idi, can ta sake kiransa. Fuskarsa ba ta canza ba, ko gashin ido bai motsa ba. Wanda ke jiran ya ga hawaye ya gangaro, ya yi ta jira. Mu allo muke kallo.

Da na'ura ta gama tacewa, layin sunayen maƙwabta ya fito a kwance. Layin sunansa kuwa, a daidai inda ake neman abin, ko da ɗan jinkiri, ya ɗaga. Tudun bai kai tsawon farce ba.

Dokta ta ce, "Sake."

Na duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na kashe fanka, na sake daga farko. Ya sake fitowa a wurin. Na ɗora na biyu a kan na farko, suka hau juna.

Ban yi murna ba, ita ma ba ta yi ba. Ta ce a hankali, "Wannan ba farkawa ba ce." Na ce na sani. Ta ce, "Amma ba ni da ikon ɓoye shi."

Ta kira Malam Illa ta nuna masa allon, ko da yake a wajensa da wannan da zanen yara duk ɗaya. Ta ce, "Baba, yau mun ga alama. An kira sunaye, kansa ya bambanta nasa da na wasu. Masu irin wannan alamar sun fi samun damar farkawa. Amma ban ce zai tashi ba. Ku ji ni da kyau, ban ce zai tashi ba."

Ya ce, "Shina ciki ke nan."

Ta ce, "Akwai alama."

Ya daɗe yana kallon ɗansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Jiya Buzu ya kira, bai amsa ba. Yau wa yak kira?"

Na ce, "Baba, sirrin aiki ne."

Ya kalle ni. Ya kalli taga, inda ake hango gindin dogon yaro da bayan wata mata tana fifita wuta. Bai sake tambaya ba. Ya ce, "Ban kai mai rai bakin rami." Ya fita ya sallami mai mota, aka kwance tabarmi. Da yammacin ranar aka yi ruwan farko, irin mai ƙarfin nan da ke sa mutanen Adar su fita da ƙwarya a ka suna neman iri.

Sauran labarin gajere ne, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu doguwar suma ya san shi. Mutumin da ke kwance ba ya tari, ba ya haɗiya da kyau, ƙirjinsa ne ke cin amanarsa. Bayan ƴan kwanaki zazzaɓi ya tashi, numfashi ya fara ƙara. An ba shi magungunan da ake da su, ana juya shi, ana zuƙe masa majina. An yi maganar kai shi Yamai, Dokta ta ce ba zai kai rabin hanya ba. Agali ya yi ta zama bakin gado yana ba shi labarin rijiyar da suka bari ba a gama ba. Bai buɗe ido ba. Bai cika sati biyu da gwajin ba, wata rana da hantsi, ya cika.

A daren da ya gabata da wanda ya gabace shi an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙorama ta ci hanyar ƙauyensu, ba direban da ya yarda ya gwada, gawa kuwa ba ta jiran ruwa ya janye. A nan Tawa aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar gari, tsakanin mutanen da bai taɓa sani ba. Na bi jana'izar. Ba mu da yawa.

Da aka dawo Malam Illa ya zo yi wa Dokta sallama. Ta fara yi masa ta'aziyya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, ban ce kun yi ƙarya ba. Kin ce ba ki ce zai tashi ba, na ji ki. Kwananshi ne ya ƙare." Ya gyara rawaninsa. "Wurin nan da nab bari dai, ya koma nawa."

Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Sun ƙara kwana biyu suna jiran hanya. Ranar da za su tafi, tsohuwar ta sake turo ƙofata, ta mayar da ita kamar wancan karon.

Ta ce, "Maganar nan tana cikin akwatinku?"

Na ce, "Tana nan, Inna."

Ta ce, "Ya ji?"

Na san amsar da za ta yi mata daɗi, na kuma san iyakar abin da na'urata ta sani. Na ce, "Inna, abin da na gani shi zan gaya miki. Sunayen ɗiyan maƙwabta sun wuce bai kula ba. Da nasa ya zo, kansa ya amsa. Sau biyu muka gwada, sau biyu ya amsa."

Ta ce, "Ya gane wa ak kira nai?"

Na ce, "Wannan na'ura ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba."

Ta kalli ƙasa. Ban iya gane wace amsa ta zo nema ba, har yau kuma ban gane ba. Can ta ce, "Sau nawa akwatin yaf faɗa mishi?"

Na ce, "Sau da yawa ƙwarai. Ya fi yadda uwa ke kiran ɗanta a wata guda."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To ya isa. Fid da ita."

Na je na tambayi Dokta, don abin da ke cikin na'ura ba nawa ba ne. Ta ce zanen layi zai zauna cikin bayanan majinyaci, murya kuwa ta mai ita ce. Na dawo na goge a gabanta. Ta ce, "Ta hita?" Na ce ta fita. Ta ce, "Allah shi yi ma albarka," ta ɗauki ƙullin kayanta da ke bakin ƙofa ta bi bayan mijinta, da tazarar da ta saba bari.

Na sha juya lamarin nan a raina, ban sami inda za a ce an yi kuskure ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Gwajin daidai ne, fassarar daidai ce, an gaya wa uba gaskiya da kanta biyu. Duk da haka, tudun da bai kai farce ba ya ɗauke kabarin mutum daga gefen kakansa ya kawo shi cikin baƙi. Abin da na'urarmu ke iya faɗi shi ne akwai mai lura a ciki a wannan sa'ar. Ko zai fito, ba ta sani ba. Amma dangi da wannan ɗan abin za su yanke shawarar da ba a warwarewa, kuma hadari ba ya jiran sakamakonmu.

Shi ya sa nake daɗewa da dangi. Nakan tambayi daga ina suka zo, da yadda hanyarsu take in an yi ruwa, da abin da suka yi niyyar yi in an ga alama da in ba a gani ba, tun ba a kunna komai ba. Nakan tambayi wa ke kiran majinyaci, da me yake kiransa. Ban taɓa neman wata uwa ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, ku ma kada ku nema. In kuwa wata rana wata ta turo muku ƙofa da kanta ta ce ku kawo abin, ku kashe fanka, ku ƙara ƙarfin abin ɗaukar magana har ƙarshe, ku matso da shi dab da bakinta tun ba ta buɗe shi ba. Kada ku sa ta faɗa sau biyu.